Gudumar Likita da Linzamin Jiki

Jawabin da Jami'in Yaƙi da Jahilci ya yi wa 'yan azuzuwan Kamba da kewaye

   

Yau ba baƙi da wasali za mu yi ba, ba kuma lissafi ba. Magana ce a kan jikinmu. Ga abin da ya kawo ta.

Kwanakin baya wani dattijo ɗan ajinmu ya tare ni bayan an tashi karatu. Ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, zo ka warware mini wannan. Wana ne ya tashi da safe, hannun dama da ƙafar dama sun mutu. Muka yi magani a gida har kwana 40, babu sauƙi. Na sayar da tunkiya na kai shi asibiti. Likita ya zaro wata 'yar guduma ta roba ya ƙwanƙwasa masa gwiwa. Ya ɗauki mabuɗi ya sosa masa tafin ƙafa, sai ka ce mai wasa da yaro. Sa'an nan ya ce wai ciwon a ka yake. Ƙafa ce ta mutu, ina ruwan kai?"

Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri in nemo maka amsa." Na tambayi masu aikin asibiti, na kuma duba littattafai. Abin da na samo shi ne zan gaya muku yau, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Laka da jijiyoyi

Kowa a nan ya taɓa ganin fiɗar rago. In mahauci ya sare ƙashin baya za ku ga rami a tsakiya. A cikin ramin akwai wani farin abu mai laushi kamar igiya. Ita ce laka. Mu ma muna da ita. Ta babban mutum tsawonta kamar santimita 45 ne, watau wajen kamu ɗaya, kaurinta kuwa kamar ƙaramin yatsa. Ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta gangaro cikin ƙashin baya har kusa da ƙugu.

Daga laka jijiyoyi suke fita, 31 ta dama, 31 ta hagu, su watsu cikin jiki duka. Amma ku lura. Mu Hausawa abu uku muke kira jijiya. Akwai wadda jini ke gudu cikinta. Akwai mai tauri wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, ita ce agara. Akwai kuma wani farin zare wanda aikinsa kai saƙo kawai. Wannan ta uku ita nake nufi, mu kira ta jijiyar saƙo.

Saƙon iri biyu ne. Wani yana hawa sama, yana cewa, "Ga zafi," ko, "Ga ƙaya." Wani yana saukowa, yana cewa, "Ɗaga hannu," ko, "Taka ƙafa." Saƙon nan wata 'yar wutar lantarki ce ƙanƙanuwa wadda jiki ke yi da kansa. A manyan jijiyoyin hannu da ƙafa gudunsa kamar mita 50 zuwa 60 ne cikin sakan ɗaya, watau wajen kilomita 200 cikin awa. Babu motar da ke irin wannan gudu a hanyar Birnin Kebbi.

Akwai babbar hanyar umarni wadda ta taso daga saman ƙwaƙwalwa ta gangaro cikin laka. Zarenta ya kai kamar miliyan 1 a kowane gefe. Abin mamaki, a daidai ƙeya mafi yawan zaren nan sukan gitta juna. Na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Saboda haka ƙwaƙwalwar hagu ita ke mulkin jikin dama, ta dama kuwa ita ke mulkin jikin hagu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ƙafar da ke shuri ba da izini ba

Yanzu mu gwada wani abu. Kowa ya nemi abokinsa, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya zauna a benci, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya saki jiki. Ɗayan ya laluba ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, zai ji agara. Ya sare ta a hankali da gefen hannu. Kada a bugi ƙashi, kada kuma a yi da ƙarfi.

Kun gani? Ƙafa ta yi tsalle. Mai ita kuwa bai yi niyya ba. To, wa ya ba ta izini?

Ga yadda abin yake. Sa'ad da aka bugi agara, tsokar cinya takan ɗan miƙe. A cikin tsoka akwai waɗansu 'yan gadi ƙanana, aikinsu su ji in an ja ta. Nan da nan sai su aika wa laka. Laka ba ta jiran kowa, sai ta mayar da amsa, "Tsuke!" Tsoka ta tsuke, ƙafa ta yi sama. Daga baya ne labari ke isa ƙwaƙwalwa, sa'an nan mutum ya san abin da ya faru. Wannan amsa ta laka mu sa mata suna zabura.

Masana sun auna saurinta. A raba sakan ɗaya gida 1,000. Bayan an bugi agara, cikin kashi 20 ko kusa da haka tsokar cinya ta fara amsawa. Amma in aka ce wa mutum, "Da ka ji taɓi ka yi shuri da kanka," sai ya ci kashi 150 ko fiye. Dalili kuwa, saƙon ya hau har ƙwaƙwalwa, an yi shawara, kana ya sauko.

Misalinsa kamar gobara ce ta tashi a ƙauye. Mai unguwa ba ya tashin manzo zuwa Argungu ya tambayo ko a ɗebo ruwa. Kafin manzo ya komo gari ya ƙone. Kururuwa zai yi, a kashe wuta, daga baya a kai labari sama. Laka ita ce mai unguwa.

Kun sha ganin shaidar haka. Kaza in wuƙa ta zarce ta cire kai, ba ta fasa shure-shure. Wutsiyar ƙadangare in ta gutsure takan yi ta mutsu-mutsu ita kaɗai. Babu ƙwaƙwalwa a wurin, laka ce ke aiki.

Zabura rahama ce. Ita ke janye ƙafarka in ka taka ƙaya a gona. Ita ke tare gwiwarka in ka zurma rami da damin shinkafa a ka. Ita ke taimakon masunci ya tsaya cikin jirgi a Kwara, ruwa na kaɗa shi, bai faɗi ba. Likitoci biyu na ƙasar Jamus, Erb da Westphal, su suka fara bayyana zaburar gwiwa cikin littattafan likita a shekarar 1875. Tun daga nan likitoci ke ƙwanƙwasa gwiwa.

Linzami da ƙaimi

Kada ku zaci laka gaban kanta take ci. Ku dubi mace ta sauke tukunyar miya, tsumma ya zame, yatsunta suka taɓa zafi. Laka ta ce, "Saki!" Amma ga yaro zaune a gindin murhu. Sai ƙwaƙwalwa ta ce, "Kul! Riƙe har ki dire." Ta kuwa riƙe. Ashe akwai mai tsawata wa laka.

Laka kamar doki take, ƙwaƙwalwa kuwa mahayi. Doki yana da ƙafafunsa, ya iya gudu, ya iya zabura. Amma mahayi na riƙe da linzami, ga kuma ƙaimi a ƙafarsa. Wani lokaci ya ja, wani lokaci ya sassauta, wani lokaci ya zunguri doki. Dare da rana saƙo na saukowa daga ƙwaƙwalwa, yana gaya wa laka ta rage zabura ko ta ƙara.

Wani masani na ƙasar Ingila, sunansa Sherrington, ya daɗe yana binciken wannan a jikin dabbobi. A 1898 ya bayyana cewa in an raba saman ƙwaƙwalwar dabba da sauran, sai ƙafafunta su sandare kamar itace. Watau an cire hannun mahayi, doki ya ƙwace. An ba shi lambar girma ta Nobel a 1932 saboda aikinsa a kan jijiyoyi.

To, tambayar da likita ke yi kullum ita ce wannan: linzamin mutumin nan yana nan, ko ya tsinke? Ba ya iya buɗe bayan mutum ya duba. Tilas ya auna daga waje.

Yadda ake awon linzami

Hanya ta farko ita ce gudumar nan ta roba. Likita yakan bugi agara a gwiwa, da bayan diddige, da gwiwar hannu. Sa'an nan ya ba zaburar lamba, kamar yadda malami ke ba da maki. In babu motsi ko kaɗan ya rubuta 0. In motsin ya yi rauni, 1. In daidai ne, 2. In ya fi ƙima, 3. In ƙafa ta yi ta karkarwa ta ƙi tsayawa, 4. Muhimmin abu shi ne ya gwada dama da hagu. Mutane sun bambanta, wani lafiyayye zaburarsa kaɗan ce, wani mai yawa. Amma in dama ta ba da 4 hagu ta ba da 2, lalle akwai magana.

Hanya ta biyu ku ma kuna iya gwada ta yanzu. Wanda ke zaune ya sarƙa yatsun hannuwansa biyu a gaban ƙirji, ya ja da ƙarfi kamar zai raba su, ya cije haƙora. Yana cikin ja, abokinsa ya sake bugun agarar. Kun ga tsallen ya fi na ɗazu? Ba a taɓa ƙafa da wani abu sabo ba. Abin da ke gudana a sama ne ya sāke halin laka a ƙasa. Wani likitan ƙasar Hangare, Jendrassik, shi ya fito da wannan dabara, har yau da sunansa ake kiranta.

Hanya ta uku ita ce susar tafin ƙafa. Likita yakan ja mabuɗi ko wani abu marar kaifi daga diddige, ta gefen waje, zuwa gindin yatsu. Ga babba mai lafiya yatsu sukan lanƙwashe ƙasa. In babbar hanyar umarni ta sami lahani, babban yatsa sama yake ɗagawa, sauran su baje. Likita Babinski na ƙasar Faransa ya bayyana wannan a 1896. Iyaye mata, ku gwada wa jariri a hankali da yatsa, za ku ga babban yatsansa ya yi sama. Kada ku tsorata. Hanyar umarninsa ce ba ta gama nuna ba. Kafin ya cika shekara 2, ya iya tafiya, abin zai juya.

Hanya ta huɗu da na'ura ake yi, don guduma ba ta da ma'auni. Bugun yau ba ya zama daidai da na gobe. A 1910 wani Bajamushe, Hoffmann, ya nuna ana iya ta da zabura da 'yar wutar lantarki. Akan ɗora waya a bayan gwiwa, inda jijiyar saƙo ta matso kusa da fata, a saki wuta kaɗan wadda aka san adadinta. Saƙo ya hau laka ya komo, tsokar sha-raɓa ta amsa bayan kashi 30 ko kusa da haka. Na'ura ta zana amsar kamar ɗan tudu a kan allo. In tudun ya yi tsawo, zabura ta yi ƙarfi. In ya gajarta, an ja linzami. Da wannan awo masana biyu a ƙasar Kanada suka nuna a 1986 cewa tudun mutum yana tsaye ya fi na sa'ad da yake tafiya, kuma a cikin taku ɗaya ma yana hawa yana sauka. Watau ba a ɗaure linzami wuri ɗaya a bar shi, kowane aiki da irin riƙonsa.

Hanya ta biyar ta fi duka ban mamaki. A 1985 wani masani a Ingila, Barker, da abokan aikinsa suka ƙera na'ura mai aiki da maganaɗisu. Akan ɗora wani abu kamar ɗan faifai a bisa kan mutum. A danna, a ji ƙas, sai yatsa ko ƙafa ta motsa. Ba a tsaga ba, ba a huda ba. An ta da saƙo ne daga saman hanyar umarni, a auna lokacin da ya ci kafin ya isa. Zuwa hannu kamar kashi 20 ne. In hanya ta lalace, sai saƙon ya makara, ko ya ƙi isa sam.

Daga baya aka haɗa na'urorin biyu. Masana a ƙasar Danmak sun yi haka a 1993. Ku ɗauka manzanni biyu ne aka tasa, ɗaya daga Gaya, ɗaya daga Bunza, ana so su iso Kamba lokaci guda. Tilas a san wanda zai riga tashi. Haka suka yi. Suka ta da saƙo ɗaya daga ka, ɗaya daga bayan gwiwa, suka daidaita su har suka gamu a laka. Sa'an nan suka dubi tudun, ya ƙaru ko ya ragu? Suka tarar amsar ta danganta da abin da mutum ke yi. In yana danna ƙafa ƙasa, saƙon ƙwaƙwalwa yakan ƙara tudun, ƙaimi ke nan. In yana ɗaga ta sama, sai ya rage shi, linzami ke nan. Kun ga an auna hannun mahayi da lamba, ba da ka ba.

Na'urorin nan suna da tsada, sai manyan asibitoci da jami'o'i. Amma abin da suka koyar ya sa likitan da ke da guduma da mabuɗi kawai ya san fassarar abin da yake gani.

Ciwo biyu masu kama da juna

Ga mutum biyu, kowanne ƙafarsa ta mutu. A ido ɗaya suke. Ga guduma kuwa sun sha bamban.

Na farko shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, ta ɓata hanyar umarni. Kwanakin farko hannu da ƙafa sukan saki kamar tsumma. Bayan kwanaki ko makonni sai su fara tauri. Hannu ya lanƙwashe a ƙirji, yatsu su dunƙule, ƙafa ta miƙe ta sandare. In an buga guduma sai ta yi tsalle fiye da ƙima. Wani lokaci da dare ta yi ta karkarwa ita kaɗai, 'yan'uwa su ce iska ce ta shiga. Ba iska ba ce. Doki ne lafiyayye wanda linzaminsa ya tsinke. Haka kuma yakan faru in ƙashin baya ya karye ya danne laka, ko in tarin fuka ya ci ƙashin baya ya fito da doro.

Na biyu yaro ne wanda shan inna ta kama. Ƙwayar cuta ce, tana shiga ta baki daga ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa. Takan kashe wurin da amsa ke fitowa a cikin laka. Ƙafa ta saki, ta rame, ta yi lagwai-lagwai. A buga guduma, shiru, lamba 0. Nan mahayi yana nan da linzaminsa, doki ne ya faɗi.

Yanzu mu koma ga wan dattijon nan. Likita ya buga gwiwar dama ta yi tsalle ƙwarai, ta hagu daidai. Ya sosa tafin dama, babban yatsa ya yi sama. Nan take ya san jijiyoyin ƙafa lafiya suke, laka ma tana amsawa, ɓarnar a sama take. Da yake hannu ma ya mutu, baki ya karkace, ya san ba a baya ba ce, a ka take. Da yake kuma hanyar ta gitta a ƙeya, ya san a gefen hagu na ƙwaƙwalwa ne. Duk wannan cikin minti biyar. Kwana 40 ɗin nan kuwa da aka yi a gida, ƙaho aka yi ta kafawa a ƙafa, ana tsaga, ana shafe-shafe. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya wajaba a kanmu

Na ɗaya, a auna jini. Likitocin Nijeriya da na Gana sun yi babban bincike, har da asibitocin Kano da Zariya a ciki, suka buga sakamakonsa a 2018. Sun tarar hawan jini shi ne kan gaba nesa cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya ciwo, ba ya sallama. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka maimaita aka sami haka, to, a nemi magani. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji garau. Mu nan maƙwabtan Foga ne, gishiri ba baƙonmu ba ne, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya. A lissafa har da na dunƙulen miya. Ku da kuka iya lamba yanzu, ku riƙa karanta katinku da kanku.

Na biyu, ku san alamu uku. Baki ya karkace. Hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa. Magana ta sarƙe. In kun ga ko ɗaya farat ɗaya, ku dubi agogo ku rubuta lokacin a takarda, ku nemi mota nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko wani jiƙo, don maƙogwaro ma yakan mutu, abin ya faɗa huhu. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin mota. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma sai cikin awa 4 da rabi na farko, bayan an ɗauki hoton cikin kai, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ko babu ita, zuwa da wuri yana tsirar da rai. In likitan Kamba ya tura ku Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kada ku ce sai an sayar da amfanin gona.

Na uku, haɗarin hanya. 'Yan kabu-kabu suna ta zirga-zirga tsakanin Kamba da Gaya, da Tsamiya da Lolo. In mutum ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗauke shi hannu da ƙafa kamar buhu. Kada a zaunar da shi, kada a goya shi a babur. Ƙashin da ya karye yana iya ƙarasa yanke laka, ita kuwa in ta yanke ba ta ɗinkuwa. A nemo ƙyaure ko faffaɗan katako. Mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, sauran su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume.

Na huɗu, ɗigon rigakafi. An ga na ƙarshen masu shan inna ta asali a Nijeriya a Jihar Barno a 2016, kuma ran 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Amma wani nau'inta yakan ɓulla inda yara ba su cika rigakafi ba, a 2023 ma an same shi a jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Mu mutanen bakin iyaka ne. Yau muna nan, gobe muna Gaya, jibi muna Malanbil wajen suna ko biki. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. In masu ɗigo sun zo a fito da yara duka, har da na baƙi. Yaron da bai kai shekara 15 ba in ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a sanar da asibiti ran nan.

Na biyar, kada a jingine majinyaci a ɗaki a ce sai abin da Allah ya yi. Wanda ba ya iya juyawa a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, don kada jikinsa ya yi gyambo. A riƙa miƙe masa kowace gaɓa a hankali, safe da yamma, yadda masu gashi na asibiti suka nuna. Gaɓar da aka bari a lanƙwashe takan ƙage, ba ta sake miƙewa.

Laka ma tana koyo

Zan rufe da labari mai daɗi. A 2013 masana a Amurka suka ba da labarin wani gwaji da suka yi da mutanen da lakarsu ta ji rauni amma ba ta yanke duka ba, ƙafarsu ta sandare. Aka ɗaura musu na'urar nan mai zana tudu. Aka ce kowa ya dubi allo, ya yi ƙoƙari a ransa ya rage tsawon tudun. Zama 30 aka yi, sau uku a mako. Mutum biyu cikin kowane uku suka iya. Zaburarsu ta ragu, tafiyarsu ta ƙara sauri, ɗingishi ya ragu. Ashe ko guntun linzami ne ya saura, in aka dage ana iya koya wa doki ladabi da shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Ku tuna ranar da kuka fara riƙe fensir. Hannun da ya saba da fartanya ya ƙage, yana rawa, yana huda takarda. Yau ga shi yana rubuta suna, yana rubuta wasiƙa. Fensir bai sāke ba. Maimaici ne ya gyara hanyar da ke tsakanin kai da hannu.

Wan dattijon nan yanzu yana shan maganin hawan jini. Jikokinsa ke miƙe masa gaɓoɓi safe da yamma. Hannun bai komo duka ba, kwana 40 ɗin nan sun yi ɓarna. Amma yana dogara sanda ya tafi masallaci da ƙafarsa. Ƙanensa kuwa, ga shi can zaune a bencin baya, ya ce in gaya muku ya janye maganarsa, gudumar likita ba wasa ba ce.

Ku kai wannan magana gida, ku karanta wa waɗanda ba su zo ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. 

Tambayoyi

1. Ina laka take, kuma mene ne tsawonta?
2. Don me ƙafa ke tsalle kafin mai ita ya sani?
3. In jikin dama ya shanye, wane gefen ƙwaƙwalwa ne ya sami lahani?
4. Rubuta alamu uku na shanyewar ɓarin jiki.
5. Yaya ake ɗaukar wanda ya faɗi daga babur yana kukan baya?